Shawara: "Malamina ya tambaye ni, wa ya faɗa?"

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta karatun tarihi, kuma an ba mu aikin rubuta shafi goma a kan rayuwar yau da kullum ta mutanen tsohuwar daular Rum. Na yi kwana huɗu ina tattaro bayanai daga bidiyoyi da shafukan intanet, sannan na roƙi manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ni sunayen littattafan da zan jera a manazarta. Malaminmu ya dawo mini da aikin ya sha jan biro. Ya ja layi inda na ce attajiran Rum suna da wani ɗaki na musamman da suke shiga su yi amai domin su koma su ci gaba da cin abinci, da inda na ce da gishiri ake biyan sojojinsu albashi, ya rubuta a gefe: "Wa ya faɗa?" Ya kuma ce biyu daga cikin littattafai biyar da na ambata ya neme su, babu su a ko'ina. Ya ba ni mako uku in sake aikin. Laburarenmu ba shi da wani abin kirki a kan Rum, kuɗin data kuma ba ya isa ta. Kunya ta hana ni komawa ofishinsa. Ta ina zan fara?

Daga wata ɗaliba

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne malaminki ya yi miki gata, domin malamin da ba ya son ki da alheri da ya ba ki maki kaɗan ya wuce, ba zai ɓata lokacinsa yana neman littattafan da kika ambata ba. Tambayar da ya rubuta miki a gefen takarda ita ce kusan dukan abin da ake koya a sashen tarihi, kuma ba baƙuwar tambaya ba ce a gare ki. Tun a Islamiyya kin san cewa ba a karɓar ruwaya don ta yi daɗin ji, sai an duba wanda ya rawaito ta, daga wa ya ji, ko sun yi zamani ɗaya, kuma ko shi mutum ne da aka san shi da kiyaye magana. Wannan ɗabi'ar ta neman isnadi ita nake so ki ɗauko ki ɗora a kan kowace jimla da za ki rubuta game da Rumawa. Sunayen mutane da wurare zan bar miki yawancinsu yadda ake rubuta su a littattafai, domin ki iya neman su.

Kafin mu kai ga madogara, akwai gyaran da ya kamata ki yi wa taken aikin kansa, saboda faɗinsa ne ya jefa ki hannun masu bidiyo. Bisa al'adar Rumawa an kafa birnin Rum a shekara ta 753 kafin Miladiyya, kuma sarkin ƙarshe na ɓangaren yamma ya sauka a shekara ta 476 Miladiyya, wato fiye da shekara 1,200 a tsakani. Daular ta taɓa shimfiɗuwa daga arewacin Ingila har zuwa Masar da Siriya. Duk wanda ya ce miki "Rumawa suna yin kaza" ba tare da ya faɗi wane gari, wane ƙarni, da wane irin mutum ba, ya yi daidai da wanda ya haɗa Kano ta zamanin Muhammadu Rumfa da Kano ta yau ya ce ga yadda Kanawa suke rayuwa. Ki kuma lura da wani ruɗani da ke cikin harshenmu: Rumawan da aka ambata a Suratur Rum da littattafan tarihin Musulunci mutanen ɓangaren gabas ne, waɗanda ke mulki daga Kustantiniya suna magana da Girkanci, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da malaminki yake nufi. Saboda haka ki zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya da tambaya ɗaya. Shawarata ita ce ki tambayi kanki: me talakan garin Pompeii na ƙasar Italiya yake ci, a ina yake samunsa, a shekarun da suka gabaci 79 Miladiyya, shekarar da aman wutar dutse ya binne garin? Wannan tambaya za ta cika shafi goma, kuma hujjojinta suna nan a fili.

Yanzu mu ɗauki maganganun nan biyu da aka ja wa layi mu bi sawunsu, domin ki ga yadda ake yi. Kalmar Latin da ta haifar da labarin ɗakin amai ita ce vomitorium, kuma marubucin da aka same ta a wurinsa, Macrobius, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 5, ya yi amfani da ita ne ga hanyoyin da jama'a ke kwararowa ta cikinsu zuwa mazauninsu a gidajen kallo, kamar ginin ne yake amayo mutane. Babu ɗakin cin abinci a maganar. Amma labarin bai taso daga iska ba, kuma nan ne aikinki zai yi armashi. Masanin falsafa Seneca, a wasiƙar lallashi da ya rubuta wa mahaifiyarsa Helvia lokacin da yake gudun hijira a tsibirin Corsica, ya zargi masu almubazzaranci da cewa suna amai don su ci, suna ci don su yi amai. Suetonius, marubucin tarihin sarakunan Rum, shi ma ya ce ana zura wa sarki Claudius gashin tsuntsu a maƙogwaro domin ya rage abin da ya cika cikinsa da shi. To ga abin da hujja ta ba ki damar rubutawa: wasu marubuta sun zargi wasu manya da wannan ɗabi'a, kuma sun ambace ta ne a matsayin abin kunya. Ɗaki na musamman kuwa ƙari ne na mutanen baya.

Batun gishiri ya fi wannan sauƙi. Pliny Babba, a littafi na 31 na kundinsa kan ilimin halittu, ya danganta kalmar albashi ta Latin da kalmar gishiri, amma bai ce da gishiri ake biyan soja ba. Abin da aka tabbatar shi ne da tsabar kuɗi ake biyan su. A zamanin sarki Augustus sojan ƙasa yana karɓar dinari 225 a shekara, sarki Domitian ya ƙara shi zuwa 300. Tacitus kuma, a littafi na farko na tarihinsa mai suna Annals, sashe na 17, ya kawo koken sojojin da suka yi bore a shekara ta 14 Miladiyya, inda jagoransu yake cewa an yi wa ransu da jikinsu kuɗi a kan kwabbai goma a rana, kuma daga ciki ne za su sayi tufafi da makamai da tanti. Kin ga da kin bi maganar zuwa tushenta, da kin sami abin da ya fi gishirin daɗin karantawa.

Madogaran da suka zo mana daga zamanin kansa iri biyu ne, kuma kowannensu da irin raunin da yake da shi. Na farko rubuce-rubucen marubutan Rum, waɗanda kusan dukansu maza ne masu ilimi, da yawansu masu dukiya da bayi. Idan kika karanta wasiƙa ta 56 ta Seneca za ki ji kamar kina tsaye a bakin gidan wanka: yana zaune a saman ginin, yana lissafa nishin masu ɗaga ƙarfe, da ƙarar tafin mai tausa a kafaɗar wanda ake murzawa, da ihun mai tsige gashin hammata wanda ba ya yin shiru sai lokacin da ya sa abokin cinikinsa ihu, da kirarin masu tallan kayan ƙwalama. Bayani ne mai daraja, amma ki tuna Seneca yana cikin manyan attajiran zamaninsa, kuma ya rubuta wasiƙar ne domin ya nuna cewa mai hikima ba ya barin hayaniya ta dame shi. Juvenal ya fi buƙatar taka tsantsan. A zambonsa na uku ya ce wanda zai fita cin abincin dare a Rum ba tare da ya bar wasiyya ba sakarai ne, saboda tukwanen da ake jehowa daga tagogin benaye, ya kuma ce rashin barci saboda ƙarar amalanke yana kashe marasa lafiya. Mazambaci ne, kuma kin san mai zambo ba ya auna magana da mudu. Za ki iya kafa hujja da shi cewa akwai benaye da cunkoso da hayaniyar dare, amma ba za ki ce kowane dare sai tukunya ta kashe wani ba. Haka nan shahararriyar walimar Trimalchio da masu bidiyo suke yawan ɗaukar jerin abinci daga gare ta, ƙagaggen labari ne na Petronius, an rubuta shi ne domin a yi wa 'yantaccen bawan da ya yi kuɗi dariya. Wanda ya ce haka Rumawa suke cin abinci ya yi kamar wanda ya kalli bikin ɗan attajiri a fim ya ce haka ake aure a ƙasar Hausa.

Iri na biyu shi ne abin da aka tono daga ƙasa, kuma a nan ne talaka da mace da bawa da yaro suke samun bakin magana. Lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 ya binne Pompeii da Herculaneum, ya adana abubuwan da babu marubucin da zai damu ya ambata. A tanderun wani gidan burodi an sami dunƙule 81 da suka zama gawayi, kuma irin burodin nasu zagayayye ne da aka tsaga shi kashi takwas. A ƙarshen shekara ta 2020 hukumar da ke kula da wurin ta nuna wani shagon sayar da dafaffen abinci da aka tono, mai kanta da ramukan tukwane a jikinsa, kuma an gano ragowar agwagwa da akuya da alade da kifi da dodon koɗi a cikin tukwanen. A bangon garin akwai dubban rubuce-rubucen da mutane suka kankara da hannunsu, har da wani lissafin cefane na kwanaki a jere, mai burodi da cuku da mai da albasa, wanda a cikinsa aka ware kuɗin burodin bawa. Ki kwatanta wannan lissafin da walimar Trimalchio, shafi biyu na aikinki sun samu.

Idan zuciyarki ta fi karkata ga wasiƙu, akwai wurare biyu da za su burge ki. A sansanin soja na Vindolanda, kusa da katangar sarki Hadrian a arewacin Ingila, an fara gano wasu siraran alluna na katako masu rubutun tawada a shekara ta 1973. A ɗayansu, wajen shekara ta 100 Miladiyya, wata mata mai suna Claudia Severa tana gayyatar ƙawarta Sulpicia Lepidina, matar kwamandan sansanin, zuwa bikin ranar haihuwarta a 11 ga Satumba; magatakarda ne ya rubuta jikin wasiƙar, amma gaisuwar ƙarshe da hannunta ta rubuta, kuma tana cikin mafi daɗewar rubutun Latin da aka sani na mace. A wani allon kuma ana sanar da wani soja cewa an aiko masa da safa da takalma da kamfai. A Masar kuwa, a jujin tsohon garin Oxyrhynchus, masu bincike biyu daga Oxford, Grenfell da Hunt, sun fara tono tarin takardun fafirus, wato takardar mutanen da wadda ake yi da wani tsiron bakin ruwa, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a ciki akwai wasiƙar wani yaro Theon da yake yi wa mahaifinsa barazanar cewa idan bai tafi da shi Iskandariya ba, ba zai sake yi masa magana ba, ba zai ci ba, ba zai sha ba. Ina son wannan wasiƙa ƙwarai, domin duk gidan da ke da ɗan auta ya san wannan muryar.

Sai dai abin da aka tono ma ba ya fassara kansa. Pompeii ƙaramin gari ne a yankin Campania, ba za ki auna birnin Rum mai mutane wajen miliyan ɗaya da shi ba. Ko ranar da dutsen ya fashe ana muhawara a kanta. Bugun da aka saba karantawa na wasiƙar Pliny Ƙarami, wanda ya ga abin da idonsa daga ƙetaren gaɓa ya kuma rubuta wa Tacitus labarin bayan fiye da shekara 25, yana cewa 24 ga Agusta. A shekara ta 2018 aka gano wani rubutun gawayi a bangon wani gida mai kwanan wata da ya yi daidai da 17 ga Oktoba, abin da ya ƙarfafa masu cewa a kaka aka yi bala'in, ko da yake rubutun bai ambaci shekara ba. Idan kika kawo ɓangarorin biyu a aikinki, kika faɗi dalilin kowanne, malaminki zai ga cewa kin fahimci darasin. Irin wannan hattara ake yi da dokar farashi ta sarki Diocletian ta shekara ta 301, wadda ta ƙayyade wa ɗan ƙodagon gona dinari 25 a rana, wanzami dinari 2 a kan kowane kai, malamin yara dinari 50 a wata a kan kowane ɗalibi. Wannan iyakar da hukuma ta yanka ce, kuma ke ma kin san tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da farashin kasuwa. Kuma dinarin wannan lokaci ya riga ya karye, kada ki haɗa shi da na zamanin Augustus.

Game da inda za ki sami waɗannan abubuwa ba tare da laburare ba, sa'arki ita ce fannin nan yana cikin waɗanda aka fi zuba su kyauta a intanet, kuma yawancinsu rubutu ne zalla da ba ya cin data kamar bidiyo. Rumbun Perseus na Jami'ar Tufts a Amurka yana da rubuce-rubucen marubutan Girka da Rum tare da fassarar Turanci. Shafin LacusCurtius, wanda ke ƙarƙashin adireshin Jami'ar Chicago, yana da Suetonius da wasu da dama. Allunan Vindolanda suna shafin Roman Inscriptions of Britain, kowanne da lambarsa da fassararsa. Gayyatar Claudia Severa ita ce mai lamba 291. Gidan tarihi na British Museum da ke Landan ya saka bayanan kayansa a shafinsa, kowane abu da inda aka samo shi da shekarunsa. Idan kika buɗe asusun kyauta a JSTOR, wato rumbun maƙalun masana da ke intanet, za ki iya karanta wasu maƙalu a kowane wata. Ki shiga wurin da ake da intanet na makaranta sau ɗaya ko biyu, ki adana shafukan da kike buƙata a wayarki, ki karanta su a natse a ɗaki.

Littattafan masana na zamani su ne za su riƙe miki hannu, amma su ma ana tambayar su isnadi. Ki duba wanda ya rubuta, ko fanninsa ne, wace maɗaba'a ce ta buga, a wace shekara, kuma ko yana nuna inda ya samo kowace magana. Littafin Mary Beard, wadda ta koyar a Jami'ar Cambridge, a kan Pompeii, wanda ya fito a 2008, ya dace da tambayar da na ba ki shawara, musamman saboda marubuciyar tana yawan tsayawa ta tambayi yadda aka san abu. Akwai kuma tsohon littafin Bafaranshe Jérôme Carcopino na 1939 a kan rayuwar yau da kullum a Rum, wanda za ki yi ta cin karo da shi saboda ana samunsa cikin sauƙi. Yana da amfani, amma ya jingina sosai a kan mazambata irin su Juvenal da Martial, kuma an yi tono mai yawa bayansa. Idan kina shakkar wani littafi, ki nemi sharhinsa a Bryn Mawr Classical Review, inda masana ke auna littattafan junansu tun 1990, kyauta. Wikipedia kuwa ba haramun ba ce, amma ki riƙa sauka ƙasan shafin ki bi manazartan da aka jera, su za ki karanta, su za ki ambata.

Maganar littattafan bogi guda biyu ita ce mafi nauyi a wasiƙarki, kuma ba zan sassauta miki ita ba. Manhajojin nan suna iya harhaɗa sunan marubuci na gaske da taken da ya yi kama da gaskiya da shekarar da ta dace, su ba ki littafin da ba a taɓa bugawa ba. Amma laifin da ya hau kanki shi ne kin jera littafin da ba ki buɗe ba, kuma ko da littattafan biyar duk suna nan, wannan laifin yana nan. Daga yau duk abin da idonki bai gani ba kada ya shiga manazartarki. Idan manhaja ta ba ki suna, ki neme shi a shafukan neman littattafai da maƙalu na WorldCat ko Google Scholar, idan bai fito ba ki watsar da shi. Ki kuma koyi yadda ake ambaton marubutan da, wato da lambar littafi da sashe, saboda shafi yana sauyawa daga bugu zuwa bugu: wasiƙun Pliny Ƙarami biyu kan aman dutsen, alal misali, su ne na 16 da na 20 a littafi na 6.

Mako uku sun isa. Ki ba makon farko ga karatu kawai, kina riƙe da littafin rubutu da kika raba kowane shafinsa gida uku: maganar, wanda ya faɗe ta da lokacinsa, da dalilin da zai sa a yi shakkarta. Mako na biyu ki rubuta, na uku ki gyara. Amma kafin duk wannan, gobe ko jibi, ki daure ki koma ofishin malaminki. Ki gaishe shi, ki gaya masa gaskiyar inda littattafan nan biyu suka fito ba tare da kwana-kwana ba, sannan ki miƙa masa takarda ɗaya mai ɗauke da sabuwar tambayarki da madogara uku da kika riga kika buɗe da kanki. Ki roƙe shi ya duba ko yana da wani littafi a kan Pompeii a shiryayyen littattafansa da zai ara miki, domin malamai da yawa suna da abin da laburaren makaranta ba shi da shi. Ki kuma tambaye shi ko zai yarda ki buɗe sabon aikin da labarin ɗakin amai, ki nuna yadda kika bi shi har wurin Macrobius. Allah ya ba da sa'a.